Ƙwallo a Ƙarƙashin Inuwa: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kan Ƙananan Kulob Masu Kula da Muhalli

Idan ka taɓa zuwa kallon ƙwallo bayan La'asar a cikin bazara, a filin wata firamare a Saulawa ko Paki ko Gubuchi ko Likoro, ka san inuwa ce take raba 'yan kallo. Duk inda darbejiya ɗaya ta rage a gefen fili, nan jama'a suke cunkushewa: dattawa a kan benci, 'yan acaɓa a kan baburansu, mai rake da baronsa da wuƙarsa, yara kuma sun ɗare rassa kamar jemagu. Ɗaya gefen, inda rana take duka, sai mai ɗaga tuta shi kaɗai yana sharce gumi. Da alƙalin wasa ya busa tashi kowa ya kama gabansa, abin da zai rage a filin sai ledar ruwa da tuƙar rake, sai kuma awaki da suka shigo neman nasu rabon.

A wasu ƙasashe an sami ƙananan ƙungiyoyin ƙwallo da suka ɗauki kula da muhalli tamkar sana'a ta biyu. Abin ya jawo musu suna, wani lokacin kuma ya haɗa su rigima da magoya bayansu. Ga yadda abin yake, da inda ya shafe ka.

Wane kulob ake kira ƙarami?

Gasar ƙwallo a kowace ƙasa tsani ce. A Najeriya matakin ƙoli shi ne Firimiyar ƙasa, wato NPFL, mai ƙungiyoyi 20, inda irin su Kano Pillars da Enyimba suka yi suna. Ƙasa da ita akwai NNL, sai NLO. Ƙungiyar da ta taka rawar gani a ƙarshen kakar wasa ta hau mataki, wadda ta gaza ta sauko. A ƙarƙashin waɗannan akwai gasannin da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha take shiryawa. Can ƙasa kuma, inda tsanin ya dafa ƙasa, akwai kulob ɗin unguwa da na ƙauye, masu buga kofin ciyaman, ko kofin wani ɗan takara idan zaɓe ya ƙarato, ko wasan sada zumunci ranar yawon Sallah. Babu albashi. Riga da ƙwallo karo-karo ake yi, ko wani mai hali ya saya. Koci kuwa sau da yawa malamin makaranta ne, ko tela, ko tsohon ɗan wasa da ciwon gwiwa ya zaunar.

Kada ka raina wannan mataki. Jihar Kaduna ce ta fitar da Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida da Umar Sadiq, kuma irin wannan fili mai ƙura shi ne makarantar farko ta kusan duk ɗan ƙwallon da ya tashi a Arewa.

Me ake nufi da kulob mai kula da muhalli?

Muhalli shi ne duk abin da ya kewaye ka wanda rayuwarka ta rataya a kansa: ƙasar noma, ruwan sha, iskar da kake shaƙa, itatuwa da dabbobi. Kulob, komai ƙanƙantarsa, yana taɓa waɗannan abubuwa. Yana amfani da fili, yana shan ruwa, yana ƙona mai idan zai je wasan waje, kuma duk ranar wasa yana tara jama'a, jama'a kuwa ba sa tashi ba su bar shara ba.

Za ka riƙa jin ana cewa "iskar kabon". Ita ce iskar da ke fita idan an ƙona fetur ko gas ko gawayi ko itace. Idan ta yi yawa a sararin sama sai ta zama kamar bargo, ta hana zafin rana komawa inda ya fito. Wannan shi ake kira ɗumamar yanayi, kuma yana da hannu a rikicewar damina da tsananin zafin bazara. Bishiya kuwa wannan iskar take zuƙa ta gina jikinta da ita. Kulob mai kula da muhalli shi ne wanda ya zauna ya duba ɓarnar da harkarsa take yi, ya rage wadda zai iya ragewa, ya gyara wadda zai iya gyarawa.

Akwai wanda ya taɓa yin haka da gaske?

Akwai, kuma wanda ya fi suna a duniya ɗan ƙauye ne. Forest Green Rovers ƙungiya ce da aka kafa a 1889 a Nailsworth, wani ɗan gari a yammacin Ingila, wanda mutanensa ba su kai 6,000 ba. Ta shafe sama da shekara ɗari tana buga ƙananan gasanni babu wanda ya damu da ita. A 2010 bashi ya sha kanta, sai wani attajirin yankin mai suna Dale Vince, mai kamfanin Ecotricity da ke samar da lantarki daga iska da hasken rana, ya karɓi ragamarta.

Daga nan abubuwa suka fara canzawa ɗaya bayan ɗaya. An ɗora farantan sola a kan rufin rumfar 'yan kallo. An daina zuba wa ciyawar fili takin zamani da maganin feshi. Ruwan saman da ya sauka ana tara shi a yi ban-ruwa da shi. Injin yankan ciyawar ma da hasken rana ake cajinsa, kuma shi yake tuƙa kansa. A 2011 aka daina ba 'yan wasa jan nama, zuwa 2015 aka cire duk wani abin da ya fito daga jikin dabba, har madara da ƙwai, daga abincin da ake sayarwa a filin. An yi musu rigar wasa da zaren gora a 2019, daga baya aka yi wata da aka haɗa da dusar gahawa da tsofaffin robobi. A 2017 hukumar FIFA ta kira ta ƙungiyar da ta fi kowace kula da muhalli a duniya. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta shaidar cewa ta daidaita lissafin kabon ɗinta, ma'ana abin da take fitarwa ta rage shi, ragowar kuma ta biya diyyarsa ta hanyar tallafa wa ayyukan da ke rage irin wannan iska a wani wuri. Héctor Bellerín, wanda masoya Arsenal suka sani, ya sayi hannun jari a cikinta a 2020.

A fagen wasa ma ta taɓuka. A 2017 ta doke Tranmere Rovers da ci 3 da 1 a Wembley ta shiga rukuni na huɗu na gasannin Ingila, Nailsworth ya zama gari mafi ƙanƙanta da ya taɓa samun kulob a wannan mataki. A 2022 ta lashe rukunin ta hau na uku. Sai dai hawan bai daɗe ba: ta faɗo a 2023, ta sake faɗowa a 2024, ta koma rukuni na biyar inda ta fito. Ka ga ke nan farantin sola ba ya zura ƙwallo a raga.

Ba ita kaɗai ba ce. Ƙungiyar Dartford da ke kusa da Landan ta buɗe filinta a 2006 da tsirrai shuke a kan rufin, da tafkuna biyu da ke tara ruwan sama domin ban-ruwa. A Amurka akwai Vermont Green, wadda ta fara wasa a 2022 da manufar kare muhalli tun ranar farko.

Magoya baya sun yarda da wannan sauyi?

Ba duka ba, kuma ba nan take ba. Mutumin da ya shekara talatin yana cin burodi da nama a lokacin hutun rabin lokaci, ka ce masa daga yau sai wake da ganye, dole ya yi gunaguni. An yi gunagunin a Nailsworth, magoya bayan wasu ƙungiyoyi kuma suka sami abin tsokana. Amma a hankali maganar abincin ta lafa, mutane suka saba, wasu ma abincin ne yake kawo su. Yawan 'yan kallo ya ƙaru har ya doshi 3,000 a shekarun da Forest Green take manyan rukunai, kusan rabin mutanen garin ke nan.

Abin da ya fi sosa ran tsofaffin magoya baya wani abu ne dabam. Rigar gargajiya ta ƙungiyar mai ratsin baƙi da fari ce, aka mayar da ita kore shar. An canza tambari. Sannan aka fito da shirin gina sabon fili na katako zalla mai ɗaukar mutum 5,000, amma a wajen garin, kusa da babbar hanyar mota. Nan wasu suka fara tambaya: idan an canza riga, an canza tambari, an kuma bar garin, me ya rage na kulob ɗin da ubana ya kai ni kallo?

Labarin Wimbledon ya fi fito da wannan fili. A 2002 aka amince wa masu ƙungiyar su ɗauke ta daga kudancin Landan zuwa Milton Keynes, tafiyar kimanin kilomita 90. Magoya baya suka ƙi bi. Suka kafa tasu, AFC Wimbledon, suka fara daga mataki na tara, da kuɗin karo-karo. A 2011 suka shiga rukuni na huɗu, a 2020 suka koma unguwarsu ta asali a sabon filin da su ma suka sa kuɗinsu a gininsa.

A gida ma mun gani. Kano Pillars ta faɗa NNL a 2022, amma masu cewa "Sai masu gida" ba su koma goyon bayan wata ƙungiya ba, kuma a 2023 ta dawo. A ɗaya gefen, Raccah Rovers ta Kano da ta ci gasar ƙasa a 1978, yau sai dattawa ke tuna ta. Abin da na fahimta shi ne, mai goyon bayan ƙaramin kulob zai jure rashin nasara, zai jure sabon tsari, matuƙar sunan da wurin suna nan, kuma an shawarce shi kafin a taɓa su.

To mu ma sai mu daina cin tsire ke nan?

A'a. Wanda ya zo Maƙarfi ya ce a kori mai tsire da mai fura da nono daga bakin fili don kare muhalli, ya nuna bai san inda ya zo ba. Baturen Ingila yana cin nama fiye da ƙima, yana hawa mota shi kaɗai, yana ƙona wuta dare da rana, don haka gyaransa shi ne ya rage. Ɗan wasanmu da ya yini a gonar masara ko lambun tumatir kafin ya zo atisaye, samun naman ma shi ne matsalarsa. Kabon ɗin da duk kulob ɗin Ikara da Maƙarfi da Kudan suke fitarwa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na babbar ƙungiyar Turai guda mai yawo a jirgin sama.

Abin ɗauka a wurin Forest Green shi ne dabarar: ka dubi abin da ke gabanka, ka gyara shi, ka mayar da gyaran abin alfaharin garinku. Abin da ke gabanmu kuwa sananne ne. Itatuwa suna ƙarewa saboda girki da gawayi da faɗaɗa gonaki. Ruwan damina yana cinye ƙasa. Leda ta cika ko'ina. Ikara da Maƙarfi suna iyaka da jihar Kano, Kudan da Katsina, kuma Kano da Katsina suna cikin jihohi 11 da aka ware a matsayin bakin dagar yaƙi da kwararowar hamada. Tsakaninmu da matsalar babu katanga.

Daga ina ake farawa?

Daga takarda, tun kafin a haƙa rami ko ɗaya.

Filin da muka buga ƙwallo muna yara yau gidaje ne. Ba a rana ɗaya ya tafi ba. Wata shekara mai gonar da ke maƙwabtaka ya ƙara kunya biyu ta wajen kwana. Wata shekarar aka sauke tifar yashi a bayan raga, aka ce na ɗan lokaci ne. Da muka dawo hutu wata rana sai muka tarar da turaku an kafa, an yanka fuloti. Muka yi ta surutu a majalisa, amma da aka ce mu kawo shaidar cewa filin na wasa ne, babu mai ko guntuwar takarda. Kulob ɗin bai shekara biyu ba bayan nan ya watse, yaran suka rarrabu zuwa wasu unguwanni.

Saboda haka ka fara bincikawa: filin da kuke wasa na wane ne? Idan na makaranta ne, ku zauna da hedimasta da kwamitin al'umma mai kula da makarantar, a rubuta yarjejeniya. Idan na gari ne, a tara mai unguwa da dagaci da dattawan da suka san iyaka, a zaga da ƙafa, a rubuta, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma su sa hannu. Hukumar da ke ba da takardun mallakar fili a jihar Kaduna ita ce KADGIS, kuma ya fi sauƙi a nemi takarda da sunan ƙungiya mai rajista. A nan ne bishiya take yin aiki biyu. Turke ana tumɓuke shi da dare. Layin darbejiya 60 da gari ya san wanda ya dasa kowace, ba a matsar da shi a ɓoye.

Wace bishiya, guda nawa, kuma yaushe?

Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa 68. Idan ka ja baya da mita biyar daga layi ta kowane gefe, don kada saiwa ta shigo fili ko ɗan wasa ya yi karo da gindin bishiya, zagayen zai kama mita 386. A dasa bishiya duk bayan mita shida, ka sami 64. Filayen ƙauye ba su cika kai wannan girma ba, don haka ka ƙaddara 50 zuwa 60.

Ba sai an dasa duka a shekara ɗaya ba. A fara da gefen yamma, domin wasanninmu na yamma ne, kuma bishiyar da ke yamma ita ce inuwarta take faɗowa kan 'yan kallo. Daga nan sai arewa maso gabas, ta inda iskar hunturu take bugowa da ƙura.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, tana saurin girma tana jure fari. Maɗaci ya fi ta daɗewa kafin ya yi inuwa, amma idan ya yi, jikoki ma sun samu. Mangwaro yana da riba biyu, sai dai ku yanke tun wuri wa ke da 'ya'yan, in ba haka ba ranar da ya nuna za a fi yin jifa a kan wasa. Turare yana da shan ruwa, kada a sa shi kusa da rijiya. Gawo kuwa bishiya ce mai ban mamaki, tana zubar da ganye da damina ta yi kore da rani, daidai lokacin da ake neman inuwa, amma ƙayarta da ƙwallo ba sa ga maciji, balle yaron da ke wasa ba takalmi. A bar ta can nesa.

Lokacin dashe shi ne idan damina ta kankama, daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke. Dashen shi ne mai sauƙi. Wahalar tana rani biyu na farko, lokacin da aka saki dabbobi bayan girbi kuma ƙasa ta bushe. Yawancin bikin dashen bishiya da ake yi da manyan baƙi da ɗaukar hoto, a nan yake mutuwa: kafin Maris babu ko ɗaya a tsaye. Kowane dashe yana buƙatar kariya ta ƙaya ko kwando ko tsofaffin bulo, da mutum guda da aka san shi ne mai ita.

Kafin ma ku nemi dashe, ku duba gefen filin da kyau. A yankin Maraɗi tun a shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani, dabarar da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku a bari, a datse sauran. Da yake tsohuwar saiwar tana nan da ranta a ƙasa, tohon yana girma da sauri ba tare da ban-ruwa ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya bishiyoyi kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Wataƙila wannan ɗan kurmin da kuke sassabewa duk shekara a bayan raga, bishiya ce take neman a ƙyale ta.

Ya batun koren fili irin na talabijin?

Ka cire shi a ranka da rani. Filin mai girman da muka ambata murabba'in mita 7,140 ne. Idan za a ba shi ruwa mai zurfin milimita 5 kacal a rana, lita 35,700 ke nan, sama da jarka 1,400 mai cin lita 25, kullum. A garin da mata da yara suke layi a bakin famfon burtsatse, wannan almubazzaranci ne. Abin da ya fi shi ne a bar kiri-kiri ta bazu da damina, a cike ramuka, a kuma lura da hanyar da ruwa yake bi. Ɗan zararan da ka raina bana, baɗi kwazazzabo ne a tsakiyar fili. A tare shi da duwatsu da buhunan ƙasa, a dasa jema ko gamba a jere ta inda ruwan yake gangarowa, saiwarsu tana riƙe ƙasa.

Ledar ruwa fa?

A ce mutum 500 suka zo kallo kowa ya sha ruwan leda biyu, leda 1,000 ke nan a yammaci ɗaya. Iska ta kwashe wasu zuwa gonaki, wasu su toshe kwalbati, wasu awaki da tumaki su haɗiye saboda ɗanɗanon abin da ya taɓa su. Tambayi kowane mahauci abin da yake cirowa daga tumbin dabba. Dabbar tana ci amma tana ramewa, mai ita ya yi ta sayen magani bai san leda ce ta cika mata ciki ba. Ƙona ledar kuma ba mafita ba ce, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

Maganin bai wuce buhu huɗu a kusurwa huɗu ba, da minti goma bayan tashi. Duniya ta yaba wa magoya bayan Japan da Senegal da aka gani suna tsince shara bayan wasa a gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, kuma babu abin da suka yi wanda ya fi ƙarfin matasan Hunkuyi. Sharaɗin shi ne manyan 'yan wasa su fara sunkuyawa. Idan kyaftin ya tsinci leda, yara za su yi rububin tsinta. Idan aka bar wa almajirai da ƙananan yara, ya zama aikin raini, ba zai yi mako uku ba.

Ledar da aka tara kuma tana da amfani. A yanke bakinta, a huda gindin, a cika da ƙasa da taki, a sa irin darbejiya sabon tsinka, domin irinta ba ya jure ajiya. Ga wurin renon dashe kyauta. Ƙwallon mangwaro ne kawai yake son leda mai ɗan girma.

Nawa abin zai ci, kuma wa zai biya?

Forest Green miliyoyin fam ta ci, galibi daga aljihun mutum ɗaya, kuma wannan shi ne rauninta: ƙungiyar da ta dogara da attajiri guda, ranar da ya juya baya sai ta Allah. Mu ma mun san irin wannan a gida. Yawancin manyan ƙungiyoyin Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, ƙananan kuma suna jiran ɗan siyasa, shi kuwa bayan zaɓe ba a cika ganinsa ba.

Aikin da muke magana a kai ya fi cin gumi a kan kuɗi. Dashe 60, kowanne lita 10, lita 600 ke nan a ban-ruwa ɗaya, wato jarka 24, kimanin kura biyu ta ɗan ga-ruwa. Sau biyu a mako ya wadatar da rani. Kulob mai 'yan wasa 25 da magoya baya 35, kowa bishiya ɗaya, ya zo atisaye da galan ɗinsa. Haƙa ramuka aikin gayya ne na safiya ɗaya. Kuɗin da ba makawa su ne na rajistar ƙungiya da neman takardar fili, sai buhuna da igiya. Masu sana'a a bakin fili, mai rake da mai shayi da mai awara, su ne farkon masu cin moriyar inuwa da taron jama'a, kuma ba za su ƙi ba da ɗan abin da aka yanka musu ba idan sun ga ana karanta lissafin asusu a bainar jama'a duk wata.

Akwai kuma ƙofar da za a iya ƙwanƙwasawa. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a jihohin Arewa 19 da Abuja, Kaduna na ciki. Irin waɗannan shirye-shirye da ƙungiyoyin al'umma suke hulɗa, kuma kulob ɗin da ya riga ya raya bishiya 30 da hannunsa yana da abin nunawa. Amma kada ku jira su kafin ku fara.

Wannan zai dawo da waɗanda suka tare a gidan kallo?

Ba zai raba kowa da Chelsea ko Barcelona ba, kuma babu dalilin neman hakan. Mutum yana iya son biyun. Wani abin da ba kowa ya sani ba: a Ingila an hana nuna wasa kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, tun shekarun 1960, musamman don mutane su fita su kalli ƙananan ƙungiyoyin garuruwansu. Wasan Firimiyar da kake biya ka kalla a Saulawa a wannan lokaci, mutumin Landan ba ya samunsa a talabijin ɗin gidansa. Mu ba mu da irin wannan doka, amma muna da hankalin da za mu duba jadawali mu daina sa wasanmu daidai lokacin da Arsenal take karawa da Manchester United. Mai gidan kallon ma abokin tafiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 janareta ya zama kaya, masu hali suna komawa sola, kuma allonsa da lasifikarsa sun fi kowace hanya saurin sanar da matasa ranar wasa da ranar gayya.

Bambancin yana nan: Chelsea ba ta san da zamanka ba, ko ka yi kuka ko ka yi dariya. Kulob ɗin unguwarku kuwa ƙanenka ne a raga, ɗan maƙwabcinka ne lamba tara. Dattijon da ba ya zuwa kallo saboda rana zai zo idan akwai inda zai shimfiɗa buzunsa. Uban da ke ganin ƙwallo shiririta ce zai sassauta idan ya ga yaran sun tare zaizayar da ke cin hanyar gonarsa. Limamin da kuka roƙa ya yi addu'ar buɗe dashe zai tuna wa jama'a ladan da ke cikin shuka abin da mutum da dabba za su amfana da shi. Wanda kuma ya yi rani biyu yana ɗauko galan saboda bishiya ɗaya a gefen filin nan, da wuya a yanka filin yana gari ya yi shiru.

Idan kana cikin kwamitin wani kulob, ko kai mai zuwa kallo ne kawai, a zamanku na gaba ka tambayi wanda ke riƙe da takardar filin. Idan aka yi shiru, ku sa ranar zuwa wurin dagaci kafin a tashi, sannan ku fara tara ledar renon dashe tun yanzu, don Yuni ya same ku da abin dasawa.